Ranar da Kwamfutata Ta Ƙame a Kan Jinga

Ranar Alhamis ce, wajen ƙarfe tara na safe, likitan ya kira ni. Ina tsakar gida ina matsa wa Inna ƙafafu. A lokacin kumburin ya haura gwiwarta, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba. Wayata tana rataye a reshen darbejiya, domin nan ne kaɗai sabis ke ɗan leƙowa a gidanmu. Na tashi da man zafi a hannu na ɗauka.

Likitan mijin wata ƙawata ne, yana aiki a wani babban asibiti a Kano, kuma ya san ciwon ƙodar Inna tun farkonsa. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce wasu likitocin ƙoda sun zo asibitinsu, za su ɗauki 'yan marasa lafiya kaɗan su riƙa yi musu wankin ƙoda kyauta, kuma da ƙarfe biyu na rana za su zauna su zaɓa. Ya ce in turo masa takardun gwajin Inna ta imel kafin lokacin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in karanto maka su mana ta waya."

"Ba za su karɓa ba. Sai sun ga takardar da hatimin asibiti, da hoton ƙodar. Kina da su a kwamfuta?"

"Ina da su."

"To ki turo. Ni dai zan yi ta duba akwatina."

Gaskiya ne ina da su. Mako guda kafin nan na kai Inna Haɗeja aka yi mata gwaje-gwaje, na biya wani shago aka ɗauke mini hoton takardun guda huɗu aka zuba mini a kwamfuta, don na taɓa ganin yadda ruwan sama ya lalata mana katin asibiti. Kwamfutar tsohuwa ce, ta hannu, tun ina kwaleji nake fama da ita, batirinta bai fi ya riƙe minti hamsin ba. A ranar ce kuma na sayi sabon modem, wannan ɗan abin mai kamar yatsa da ake sa wa sim a soka a gefen kwamfuta don a shiga intanet. Tsohon nawa na wani kamfani ne da sabis ɗinsa bai kai ƙauyenmu ba. Sabon ko ledarsa ban ɓare ba.

Ƙauyenmu yana kan wata jigawa ce a hanyar Baturiya. Ni koyarwa nake a firamare a cikin Haɗeja, hutu ne ya kawo ni gida jinyar Inna. Kwana biyu da dawowarmu daga gwajin kogi ya tumbatsa, ya ci gonakin shinkafa, ya cinye hanyar mota. Muka zama tsibiri. Mai son zuwa Haɗeja sai ya shiga kwale-kwale ya yi ta kutsawa cikin kacala, doguwar ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa, kafin ya isa inda ake samun babur.

Yayana masunci ne, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba. Na same shi a ƙofar gida yana ɗinkin koma, na faɗa masa yadda muka yi da likita. Ya ɗaga kai ya dubi rana.

"In muka tashi yanzu, da ƙyar mu isa Haɗeja ƙarfe ɗaya da rabi. In kacala ta rufe mashigar gabas, sai la'asar."

"In mun isa ma, Yaya, ban san ko shagunan suna da wuta ba."

"Abin naki fa? Zai yi daga nan?"

"A kan jinga ana samun sabis mai ƙarfi. Minti goma ya ishe ni."

Na faɗi haka da cikakken tabbaci, har yau ina jin muryata. Ya ce to, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Jingar tana yamma da gari, tudun ƙasa ne da mutane suka tara suka jera masa buhunan yashi don tare ruwa. Tafiyar minti goma sha biyar ce daga gidanmu. Na hau na zauna kusa da wata goruba, ruwa ta gabana har iyakar ganina, kawunan shinkafa sun nutse sai ɗan kore-kore nan da can. Hasken rana bai bari a ga fuskar kwamfuta, don haka na ja hijabina na lulluɓe kaina da ita. Na kunna, ta tashi lafiya. Na buɗe takardun na gan su duka huɗu. Na ɓare modem, na yi bisimilla, na soka.

Ta yi ɗan ƙaran da take yi in an soka mata abu. Wani ƙaramin akwati ya fito daga ƙasa yana cewa tana shirya sabon abin da aka sa. Sai komai ya tsaya. Na goga yatsa a wurin linzami, 'yar kibiyar ba ta motsa ba. Na danna maɓallai ukun nan da aka koya mana a danna in kwamfuta ta ƙi ji, shiru. Agogon da ke kusurwa ya tsaya a goma saura minti takwas. Na zare modem ɗin, ba ta farfaɗo ba. Na jira minti biyar ina kallon agogon wayata yana tafiya, nata yana tsaye, fankarta tana ta huci a kan cinyata. Daga ƙarshe na danne maɓallin kunnawa har ta mutu.

Ban tsorata ba tukuna. Na ce ƙila ramin da na soka modem ɗin ne ya lalace, na sake kunnawa na soka a ramin ɗaya gefen. Ta ƙame. Na kashe, na soka modem ɗin tun kafin in kunna, sai ta tsaya tun a tambarin farko, ba ta ma kai ga buɗewa ba. Na cire shi, na hure bakinsa, na goge da gefen zane kamar wani abu ne ya maƙale, na sake gwadawa. Ta ƙame. Kowace kashewa da kunnawa tana cin kusan minti biyar, tana kuma cin batir. A karo na biyar da ta tashi, alamar batirin ta koma ja.

Na dubi agogon wayata. Ƙarfe goma da rabi ta wuce. Da na bi shawarar kwale-kwale, da yanzu mun yi nisa.

Wuta ɗaya ce a garin, janareton mai injin casar shinkafa. Na sauko da gudu-gudu, kwamfuta a ƙirji. Na tarar da mai injin zaune a kan buhu, janareton a kashe. Dattijo ne, abokin Baba. Ya ce tun da hanya ta yanke ba a kawo mai ba, ɗan abin da ya rage yana tanadinsa ne don cajin wayoyin gari da yamma. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Ya tashi ya jijjiga tankin ya saurara, sannan ya ja igiya.

"Rabin awa, 'yata. In na wuce haka mutane za su kwana babu waya, ga ruwa yana ƙaruwa."

Ina zaune a ƙasa cikin ɓuntun shinkafa, ƙarar janareto ta cika mini kunne, na shiga bin sunayen da ke wayata ina neman wanda ya san kwamfuta. Mai shagon da ya sayar mini da modem wayarsa a kashe. Wani abokin aikina ya ɗauka da ƙyar, muryarsa tana yankewa, ya ce, "Ai sai dai a wanke ta gaba ɗaya a sake zuba mata komai." Na ce takardun fa? Ya ce ai da su za a wanke. Na kashe wayar ban yi masa sallama ba.

Suna ɗaya ya rage, na daɗe ina kallonsa. Malamarmu ce ta darasin kwamfuta a kwaleji, mace mai tsanani wadda ba a taɓa ganin dariyarta a aji ba. Ta taɓa kayar da ni a jarrabawa, ta ce a gaban kowa ni haddar maɓallai nake ba fahimta ba. Shekara huɗu ban neme ta ba ko da gaisuwar sallah. Amma ba ni da wani.

Sai da na koma kan jinga, inda magana ke fita sosai, sannan na kira ta. Sha biyu da rabi. Na tarar da Yaya ya riga ni zuwa, ya ɗaure kwale-kwalensa a gindin jingar yana zaune a ciki. Shi da ni mun san lokacin tafiya Haɗeja ya riga ya wuce.

Ta ɗauka a kira na biyu. Na gaishe ta, na faɗi ko ni wace ce da shekarar da na gama. Ta ce ta gane. Na fara zuba mata labarin Inna da likita da ruwa, maganata tana hawa kan juna.

"Dakata," in ji ta. "Allah ya ba ta lafiya. Yanzu bar maganar Inna, faɗa mini abin da kwamfutar ta yi, ɗaya bayan ɗaya. Batirinki minti nawa?"

"Bai fi talatin da biyar ba, Hajiya."

"To kar ki kunna sai na ce."

Ta yi mini tambayoyi a natse, kamar muna aji. In babu modem tana aiki lafiya? E. Na gwada ramuka nawa? Biyu. In na soka filas, ɗan abin adana takardu, tana ƙamewa? A'a. Fitilar modem ɗin tana kamawa? Tana kamawa. Sai ta ce, "Kin taɓa amfani da wani modem a kanta?"

"Na taɓa. Na wani kamfani, shekara biyu ina amfani da shi."

"Kin cire manhajarsa?"

"A'a."

"To ga inda nake zato. Kowane modem yana zuba wa kwamfuta 'yar manhajar da za ta riƙa magana da shi, ita ake kira direba. Na tsohon yana nan zaune. Da kin soka sabon, shi yake tasowa ya ce nasa ne, su sarƙe, kwamfutar ta rasa na bi. Kunna, kar ki soka komai."

Na shiga ƙarƙashin hijabi, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Ta bi da ni har inda ake cire manhajoji. Na ga sunan tsohon modem ɗin, na danna cirewa. Ya ɗauki minti huɗu. Ta ce in kashe in sake kunnawa. Ana cikin haka katina ya ƙare, wayar ta yanke. Kafin in gama tunanin abin yi sai ga kiranta ya shigo.

"Ta tashi? To soka."

Na soka. Ƙaran nan, akwatin nan. Kibiyar ta motsa sau ɗaya, har na buɗe baki zan ce ta yi. Sai ta tsaya cak.

Na yaye hijabin, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Na dubi ruwan nan da ba shi da iyaka, na tuna ƙafafun Inna, na tuna ni ce na ce wa Yaya minti goma ya ishe ni. Na ji kamar in ɗaga kwamfutar in jefa ta cikin kogi in bi ta. Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da Baba.

Yaya ya hauro jingar. Ya cire rigarsa ta sama, ya tsaya ta inda rana take ya ware ta da hannu biyu ya yi mini inuwa.

"Yi abinki," ya ce. "In ta yi, ta yi. In ba ta yi ba, ba ke kika hana ba."

A waya kuma Hajiya tana cewa, "Kina jina? Kukan nan batir yake ci. Kashe ta."

Na kashe.

"Manhajar ta fita, direban ne ya ɓuya bai fita ba. Za mu bi shi. Kin tuna sef mod?"

"Na tuna sunan."

"Hanya ce da kwamfuta ke tashi da abin da ya zama mata dole kawai, ba ta taso da sauran tarkace. Da kin danna kunnawa, ki yi ta bugun maɓallin F8 kar ki tsaya."

Karon farko na makara, ta wuce ta tashi yadda ta saba, na yi asarar minti uku. Karo na biyu na yi ta bugu kamar mai daka, sai ga baƙin allo da farin rubutu. Na zaɓi layin da ta ce. Kwamfutar ta tashi da manyan haruffa, fuskarta duk ta canza.

"Yanzu soka modem ɗin."

"Hajiya, za ta ƙame. Batirin saura kwata."

"Ba za ta ƙame ba. Soka."

Na soka, na goga yatsa. Kibiyar tana tafiya. Ta bi da ni zuwa wani dogon jeri na duk kayan da ke jikin kwamfutar, ta ce in karanto mata. Ina karantowa ina tuntuɓe da kalmomin, tana cewa wuce, wuce. Can ƙasa na ga sunan tsohon kamfanin har wuri biyu, ɗaya da 'yar alama ruwan ɗorawa a gefensa.

"Su ne. Cire su duka. Zai tambaye ki ko ya goge direban gaba ɗaya, ki ce e. In ba ki ce e ba, aikin banza muka yi."

Na cire na farko, na cire na biyu. Ta ce in zare modem, in kashe, in kunna yadda aka saba. Ladan ya kira azahar daga cikin gari. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin, alamar batir ta sake komawa ja.

Da ta tashi na riƙe modem ɗin ban soka ba. Na san wannan ce ta ƙarshe, batirin ba zai ɗauki wata kashewa ba. Yaya yana tsaye a kaina, hannayensa sun fara saukowa don gajiya, yana ta motsa leɓe.

Na soka. Akwatin ya fito. Na ɗora yatsa ina ta zagaya kibiyar ba tsayawa, ina jiran inda za ta ƙame. Ba ta ƙame ba. Wani sabon shafi ya buɗe ya ce zai zuba manhajar modem, na ce e. Layin kore ya fara cika a hankali. Na faɗa wa Hajiya.

"To," ta ce. "Rage hasken allon har ƙasa. Ki fara tura takardar da ta fi muhimmanci, ita kaɗai. Kar ki haɗa su duka a saƙo ɗaya."

Intanet ya kama, amma da rarrafe. Shafin imel ya ɗauki minti uku kafin ya buɗe. Na kwafi adireshin likitan daga tafin hannuna inda na rubuta shi da biro, gumi ya fara cinye harafin ƙarshe. Na fara tura gwajin jini, ya tafi. Na tura hoton ƙodar, shi ya fi nauyi, ya yi ta juyi har na ɗauka ya maƙale, sannan ya tafi. Na tura wasiƙar asibitin Haɗeja mai hatimi. Ina ɗora ta huɗu, gwajin fitsari, allon ya yi baƙi.

"Ta mutu, Hajiya. Uku sun tafi, ɗaya bai tafi ba."

"Kira likitan ki faɗa masa. Ni zan shiga aji." Ta kashe kafin in yi godiya.

Da wayar Yaya na kira likitan. Bai ɗauka ba. Na kira har sau shida. Muka sauko muka nufi gida. Na tarar da Inna ta jingina da bango tana ƙoƙarin yin alwala da kanta. Ta dube ni ta ce, "Auta, ina kika shiga rana ta ƙona ki haka?" Na ce aiki na je yi a kan jinga. Ban faɗa mata maganar likitan ba. Na karɓi butar na zuba mata.

Yinin nan ban ci abinci ba. Na zauna a gindin darbejiya, da wayar ta yi ɗan haske sai in zabura. Sai bayan la'asar sakaliya ya kira. Ya ce takardu uku sun iso, ya buga su ya shiga da su, likitocin sun tambayi gwajin fitsari ya ce musu za a sake yi a can. Sun sa sunan Inna. Ya ce mu kawo ta kafin Litinin.

Ranar Asabar da sassafe muka shimfiɗa katifa a cikin kwale-kwale, maza huɗu suka ɗauko Inna a kan tabarma. Mashigar gabas kuwa a toshe muka same ta, sai da Yaya ya shiga ruwa har ƙirji yana saran kacala da adda, muka isa bakin hanya bayan azahar. Daga nan babur mai ƙafa uku zuwa Haɗeja, washegari mota zuwa Kano.

Wankin ƙodar ya karɓe ta. Kumburin ya sauka, ta dawo tana cin tuwo, har tana faɗa da ma'aikatan jinya a kan sun hana ta gishiri da busasshen kifi. Na nemi canjin wurin aiki na koma Kano kusa da ita, muka zauna a ɗaki guda a gidan wata ƙanwar Baba. Ta ƙara damina biyu a duniya. Ta ga auren Yaya, ta riƙe 'yarsa ta fari. Da jikin ya tsananta ta ce a mai da ita gida, muka mai da ita. A ɗakinta ta rasu, wata safiyar Talata, lokacin ana girbin shinkafa.